Albarkar da Na Fassara wa Wata

A ofishin da na yi horon aiki a unguwar Chow Kit ta Kuala Lumpur, ni ce sarauniyar 'yan Najeriya. Ba wanda ya naɗa ni, amma kowa ya san haka. Ƙaramar ƙungiya ce mai taimakon baƙi da marasa galihu, a saman wani shagon kayan miya, matakalarta kullum tana warin busasshen kifi. Digiri na biyu nake yi a fannin aikin jin daɗin jama'a, aka turo ni can in koyi aikin da hannuna, sai korona ta sauko aka rufe gari da ni a ciki. Mijina da 'ya'yana suna Kaduna, jirgi ba ya tashi, ni kuma zaman ɗaki ba ya karɓata. Ranar da shugabarmu, wata Bamaleshiya mai sanyin murya da muke kira Puan, ta samo mana takardar izinin fita, ni ce ta farko da ta sa takalmi.

Aikin lokacin ba shi da wani ado. Mu ƙulla shinkafa da mai da ƙwai a leda, mu amsa waya, mu saurari wanda aikinsa ya tsaya da wanda mai gida ya kora. In baƙar fata ya hawo matakalar nan, ko ɗan Kamaru ne ko ɗan Uganda, sai ka ji an ce a kira ni. In kuwa ɗan Arewa ne, ai ranar Kirsimeti ta zo mini. Zan cika ofishin da Hausa, mu gaisa tun daga gajiya har zuwa mutanen gida, sauran ma'aikata suna kallo suna murmushi a bayan takunkumi. Ina jin daɗin wannan kallon, ba zan ɓoye ba.

Mutum ɗaya ce abin bai taɓa burge ta ba. Ba'indiya ce 'yar unguwar Sentul, kakanta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, kuma ba ta barin ka manta da haka. Ta girme ni a aiki, na girme ta a shekaru. Tana da babbar murya da ƙaramar mota, in ta ɗauke ka sai ka tuna duk addu'o'in da aka koya maka kana yaro. Kuma ba ta iya gaisuwa ba. Mutum zai shigo da damuwarsa, ba ina kwana, ba yaya iyali, sai dai ta ce, "Ka makan?" wato ka ci abinci, ta turo masa kujera da ƙafa. A gidanmu ko akuya ce ta shigo sai an ce mata wani abu.

Wata safiya ana cikin tsananin kullen, wani mutum ya hawo da jakar goyo a baya, ya rungume tukunyar dafa shinkafa ta lantarki, igiyarta tana jan ƙasa. Zai kai shekara talatin, dogo, mai tsabta, irin wanda ko a wahala rigarsa a goge take. Aka auna masa zafin jiki a goshi, aka zuba masa man goge hannu, ya fara bayani da Turanci. Ɗalibi ne, injiniya yake karanta. Sun sami saɓani da abokan zamansa a unguwar Wangsa Maju, sun ce ya bar musu gida, a matakalar bene ya kwana. Ina can ciki ina ɗaure leda na ji Turancin, kuma ko a mafarki na ji shi na san na Kaduna ne.

Na yar da ledar na fito.

"Sannu da zuwa, ɗan'uwa. Ina gajiya?"

"Ba gajiya, Anti." Bakinsa ne ya amsa kafin kansa ya yi shawara.

"Kaduna ko?"

"E."

"Ta ina?"

"Ta wajen Sabon Tasha."

"Kai! Wane layi? Wace ekklisiya kuke zuwa?"

Ya faɗa a hankali, kamar ana zare masa haƙori. Ekklisiyarmu ce. Na ce wace ce mamanka, da ƙyar ya faɗi sunan. Ihun da na yi sai da mai shagon ƙasa ya leƙo.

"Mai yaji? Mai buga tulu a zumuntar mata? Ai ita da Mamanmu zani ɗaya suke ɗaurawa! Ita ta yi girkin bikina, wallahi! Kai ne autan nan da aka ce ya tafi karatu waje? Ikon Allah. Bari yau ɗin nan in kira Mamanmu ta gaya mata na tsinci ɗanta a Maleshiya."

Ido kawai nake gani a saman takunkuminsa, idon kuma bai yi murna ba. Ya ƙara ƙanƙame tukunyar.

"Anti, please, kar ki kira. Ba na so hankalinta ya tashi."

Na ɗauka kunyar maza ce, babba da shi a ce an kore shi daga gida. Na ce masa kada ya damu, ya zo gida, Anti tana nan. Na shiga ɗauko masa shayi. Kafin in dawo ya shiga ofishin Puan, an rufe ƙofa.

Da rana Puan ta kira ni. Ta ce mutumin ya roƙi a ba shi wata ma'aikaciyar, ba ya son ɗan ƙasarsu ya riƙe maganarsa. Ta ba 'yar Sentul.

"Yana da 'yancin zaɓa," in ji ta da sanyin muryar nan tata. "Kin karanta wannan, ko?"

Na karanta mana. Na ma ci jarrabawa a kansa da maki mai kyau. Amma karatu daban, a ƙi ka a gaban mutane daban. Na koma kan ledojina ina ɗaurewa da ƙarfin da ya sa biyu suka fashe.

Har yau ban ga laifin gaisuwata ba, kuma kada wani ya zo ya nuna mini. Haka aka rene mu. In ka haɗu da naka a baƙon wuri, sai ka bi shi layi layi, gida gida, har ka samo inda igiyarku ta haɗu, don ya san ba shi kaɗai ba ne, in ya faɗi akwai mai ɗaga shi, in ya mutu akwai mai sanar da gida. Wannan ita ce babbar kyautar da nake da ita a ofishin nan, na kuma ba mutane da yawa sun karɓa da hawaye. Shi kaɗai ne na miƙa masa ya ja da baya kamar na miƙo garwashi.

'Yar Sentul ta samo masa ɗaki a unguwarsu, a gidan wata tsohuwa da ba ta ji sosai kuma ba ta tambaya. Bayan ya natsu, sai ya fara biyo ta ofis yana taya mu ƙulla kaya, don zaman ɗaki ya ishe shi shi ma. Nan fa ciwona ya samo asali. Ina zaune zan ji dariyarsa daga ɗakin kaya, dariya ta gaske, har da buga buhu. Me take faɗa masa? Matar da ko sunansa ba ta iya faɗa daidai ba? In na leƙa sai dariyar ta tsaya, ya miƙe tsaye ya ce, "Good morning, Ma." Ma! Ni da ya kira Anti ranar farko. Hausa kuwa ya naɗe ta ya sa a aljihu, ko sannu ba ya haɗa ni da ita. An ce naka sai naka, daɗin zama sai bare, to ni rabin karin maganar ma ban samu ba.

Ban san dalili ba sai da maganar ta faso zauren hirarmu na waya, na matan Najeriya da ke Kuala Lumpur. Wuri ne na addu'a da tallan gashi da tambayar inda ake samun manja. Wata ce ta fara, ƙanin mijinta yana cikin mazauna gidan nan na Wangsa Maju. Kullen ya haɗa su a ɗan ƙaramin gida dare da rana, ba inda mutum zai amsa waya ba a ji shi ba, har wani ya ɗauki wayarsa ya karanta abin da ba a rubuta masa ba. Namiji ne da zuciyarsa ke son namiji ɗan'uwansa. Ba haka suka faɗa ba, sun yi amfani da kalmar nan mai nauyi da ake jifa da ita. Saƙo ya yi ta zubowa, masu neman tsari, masu tofin Allah tsine, masu cewa dama sun ga alama a tafiyarsa, alhali ba su taɓa ganinsa ba.

Sai wata ta ambace ni. "Anti, an ce an gan shi yana hawa office ɗinku. Is it true? Ɗan gidan waye a Kaduna? A sanar da iyayensa mana su sa shi a addu'a, before it's too late."

Na san matar, ba muguwa ba ce, da gaske addu'ar take nufi. Amma na san yadda addu'a irin wannan take tafiya a Sabon Tasha. Za a fara ta a ɗaki, ta fita tsakar gida, kafin Lahadi ta kai bakin famfo. Na ajiye wayar na yi lissafi. Abokan zamansa 'yan Filato ne da Binuwai, sun san shi ɗan Kaduna ne, iyakar saninsu ke nan. A duk faɗin garin nan mutum ɗaya ce ta san layinsu, ta san launin ƙofarsu, take da lambar da za ta kai magana kunnen mamansa kafin a sauke tukunya. Ni ce. Shi ya sa yake miƙewa in na shigo.

Na ɗauki wayar na rubuta, "Ban san maganar ba. Wai wa ta san inda ake samun kuɓewa yanzu? Na zagaye Chow Kit babu." Allah ya taimake ni kuɓewa ta yi wuya a makon nan, hira ta koma kanta.

Ba zan yi ƙarya in ce abin ya zauna mini daidai ba. A coci aka rene ni, na san abin da aka koya mini, kuma darasin aji bai goge shi ba. Na yi kwanaki ina juya abin, in yi addu'a, in tashi ban sami amsa mai tsabta ba. Amma akwai abubuwan da ba na buƙatar kowa ya fassara mini. Na san ba a barin mutum ya kwana a matakala ana annoba. Na san ƙasar da muke ciki ma dokarta ba ta ɗaga wa irinsa ƙafa ba, baƙo ne kuma, 'yan sanda a kowace mararraba. Na kuma san mamansa, mai hawan jini, mai zama a layin gaba a coci da tulunta a cinya. In maganar nan ta isa gida, shi ba shi da gidan komawa, ita kuma ba ta da fuskar da za ta sake ɗaga wa matan zumunta. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Sai dai yin shiru bai rage mini kishi ba, ƙara shi ya yi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne 'yar Sentul ta sani tun ranar farko, daga bakinsa, yana zaune a gabanta, ni kuwa sai a bakin 'yan gulma na tsinta. Na tare ta a wajen tukunyar shayi.

"Kin sani, ko?"

"Na san me?"

"Kada ki raina mini hankali."

"Ba zan yi magana da ke a kan wanda ba a hannunki yake ba, lah. Kin makan?" Wannan lah ɗin, da shi mutanen can suke rufe magana.

Na dubi shayin da ke hannuna, na dubi farar rigarta, na tuna ni matar aure ce mai 'ya'ya. Na ce to, a bar maganar wani, a wurinku ku irin wannan ba komai ba ne? Ta yi dariyar nan tata da ke girgiza taga.

"A wurinmu? Ki je ki tambayi babana. Mutanenmu in suna da irin wannan damuwar, suna hango ni suke canja hanya, su tafi wurin Puan. Sun san na san gwaggonsu."

Ta faɗa ne don ta sanyaya mini, na sani. Bai yi aiki ba. Mutanenta ba su dame ni ba, nawa ne a hannunta.

Ranar da abin ya kai mini wuya, ranar gwaba ce. Mutanen can suna yanka ɗanyar gwaba su barbaɗa mata wani gari mai tsami. Na shigo na tarar da ita ta baje gwabarta a tebur, tana barbaɗa wani jan gari daga ƙaramar kwalba. Tun daga ƙofa hancina ya gaya mini. Citta, kimba, masoro, ƙuli, da ɗan kanumfarin nan da mace ɗaya ce a Kaduna ta san iya adadinsa. Yajin mamansa ne. Shi aka ci da naman bikina. Shi Mamanmu take ɓoyewa a bayan kwanuka don kada mu ƙarar. Ya taho da shi daga gida, yana lallaɓa shi, ragowar da ta rage masa a duniya a lokacin da ba jirgi ba ɗan aike, ya ɗebo ya ba wannan matar. Ita kuma ta zuba a gwaba.

"Ki ɗanɗana," in ji ta. "Wani ne ya ba ni. Na ƙasarku ne, ko? Sedap!" Wato akwai daɗi.

"A nama ake ci," na ce.

"Ba na cin nama."

Na ɗauki yanka ɗaya don kada a ce. Ina sawa a baki na ji ni a tsakar gidanmu, Mamanmu tana ƙwala mana kira. Na shiga banɗaki na rufe, na yi kukan da ban yi ba tun da aka rufe gari. Da na fito ta riga ta cinye, tana lashe yatsa.

Ana haka Mamanmu ta kira ni wata rana da la'asar, su can safiya ce. Bayan gaisuwa da lissafin wanda ya yi tari da wanda ya warke, sai ta ce ƙawarta mai yaji ba ta da lafiya. Autanta da ke ƙasarku ya daina ɗaga waya, saƙo ma sai ya ga dama ya amsa da kalma ɗaya. Ta daina cin abinci, ta daina zuwa koyon waƙa.

"Ba gari ɗaya kuke ba? Ki nemo shi mana."

Daga inda nake zaune ina hango bayansa ta gilashi, yana ɗaure bakin buhu.

"Mama, garin nan ya fi Kaduna girma, an kuma kulle mu. Ina zan gan shi?"

"Zumunci a ƙafa yake, ke dai ba ki so ba ne."

Da na ce na gan shi, tambaya ta gaba ita ce a ina, sai me ya kai shi ofishinku, sai me ya raba shi da abokan zamansa, sai me ya sa ba ke kika riƙe shi ba. Na san Mamanmu, ba ta barin zare sai ta ga ƙarshensa. Ban da haka, aikin ma ya hana ni faɗin wanda ya taka matakalarmu. Sai na lallaɓa na tambaye ta, "Ita me ta ce ta ji?"

"Ba abin da ta ji, ai shi ne damuwar. Gani take koronar nan ta kashe shi ana ɓoye mata."

Na gane abin da ke faruwa. Shi yana can yana tsoron ɗaga waya, gani yake na riga na kai labari, ko wani ya kai, ba ya son jin muryar da za ta tsine masa. Ita kuma tana can tana makokin ɗan da ke ɗaure buhu a gabana. Ni kaɗai ce nake riƙe da bakin zaren biyu. Na ce yau dai ranata ce. Zan shiga in zaunar da shi in gaya masa da Hausa, da harshen da uwarsa ta yi masa rarrashi, ya san wace ce Anti.

Na tsaya a ƙofar ɗakin kaya na ce, "Ɗan'uwa." Ya ɗago ya gan ni da waya a hannu. Ban taɓa ganin tsoro irin wannan a idon babban mutum ba. Ya ce, "Excuse me, Ma," ya raɓa ta gefena ya sauka matakala, ya bar buhun a buɗe.

Ba yadda na iya. Na tafi teburin 'yar Sentul, na ja kujera da hannuna tunda ba za ta turo mini ba.

"Ban ce kina da wani ɗan Kaduna a hannunki ba," na ce. "Amma in kin san wani, ki gaya masa mamansa ba ta ji komai ba. Daga bakin kowa. Kuma ba za ta ji daga nawa ba. Kuka take yi don ta ɗauka ya mutu. Ya kira ta yau."

Karo na farko da na ga ta saurari magana ba ta sako wasa ba. Ta ce, "Zan duba ko na san wani." Ta sauka ta same shi a bakin shagon kayan miya. Ina kallo ta taga. Ta yi magana, ya tambaya, ta sake faɗa. Sai ya zauna a kan matakalar shagon ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa, ita kuma ta manta da dokar tazara ta dafa shi. Saƙona ne, ni na samo shi, ni na yi wa mahaifiyata ƙarya a kansa, amma a kafaɗar wata aka yi kukan.

Bayan 'yan kwanaki ta zo mini da wayarta. Ya kira gida, ya gaya wa mamansa sun yi faɗa da abokan zama, wata Ba'indiya ta samo masa ɗaki tana kuma ciyar da shi. Maman ta aiko saƙon murya a ba matar.

"Na ce ya fassara mini, ya ce wai ta ce ta gode. Magana mai tsawo haka, ta gode kawai? Ki ji mini, lah."

Ta danna. Muryar da na sani tun ina yarinya ta cika ofishin, ta ɗan dushe da kuka. 'Yata, in ji ta, ban san fuskarki ba, amma Ubangiji ya san ki. Yadda kika ɗauki ɗana kamar ke kika haife shi, Allah ya sa a ɗauki naki. Kada ƙafarki ta yi tuntuɓe. Kada ciwon nan ya san ƙofar gidanki. 'Ya'yanki su sami mai ba su ruwa a inda ba su san kowa ba. Ta yi wa iyayen 'yar Sentul addu'a, ta yi wa mijin da ba ta da shi, ta yi wa motarta. A ƙarshe ta ɗan rera waƙar zumunta, ina jin tana buga wani abu da hannu a maimakon tulu.

Na fassara, jimla bayan jimla. Raina ya so in rage ko ɗaya in ajiye wa kaina, ta ruwan nan musamman, ni da 'ya'yana suke nesa. Ban rage ba, sai dai na karanto su da muryar mai karanta sanarwa. 'Yar Sentul ta yi kuka har kwallinta ya ɓata takunkumi. Ta kama hannuna.

"Rabi naki ne."

"Ba a raba albarka kamar gurasar roti," na ce, na zare hannuna.

Da aka buɗe hanya na gama karatu, na haɗa kayana. Ranar ƙarshe a ofis muka yi kiciɓis da shi a matakala, ina sauka yana hawa, ba wurin kaucewa.

"Safe journey, Ma," in ji shi. Sannan da Hausa, a hankali, "In kin je gida…"

"In na je gida ban gan ka ba."

Ya sunkuyar da kai. "Na gode, Anti."

Iyakar rabona ke nan, kalma uku a matakala mai warin kifi. Na riƙe su har cikin jirgi.

Lahadin farko da na yi a Sabon Tasha, bayan an tashi sujada, matan zumunta suka kewaye ni a bakin coci, ana ta sannu da zuwa, ana taɓa kumatuna ana cewa shinkafa ta karɓe ni. Sai ga mamansa, da tulunta a hammata. Ta rame, amma idonta garau. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa, ta ciro waya daga jaka, ta kunna. A fuskar wayar, inda mutane ke sa hoton jikoki, 'yar Sentul ce take dariya da duk haƙoranta.

"Kin san wannan?"

"Garin babba ne, Mama."

"Babba ne ƙwarai." Ta juya wayar ta nuna wa matan. "Ku gani. Ba'indiya, ba dangin iya ba dangin baba, ko yarenmu ba ta ji. Ita ta tsinci ɗana. Ke kuwa da na tsaya a kan wuta ranar bikinki, uwarki ta roƙe ki, ko sau ɗaya ba ki taka kin neme shi ba. Ba karatun taimakon mutane aka ce kin tafi yi ba?"

Wata cikin matan ta ce hmm. Mamanmu ta dubi ƙasa, kunya ta kama ta a gaban ƙawayenta, kuma saboda ni. Amsar tana bakina, cikakkiya, da ranar da ya hawo da tukunya, da kuɓewa, da wanda ya aika saƙon da ya sa wayarta ta yi ƙara. Jimla biyu sun isa su wanke ni. Na dubi tulun da ke hammatarta, na dubi matan da za ta zauna a tsakiyarsu Lahadi mai zuwa.

"Ki yi haƙuri, Mama," na ce. "Ban kyauta ba."

"Ya wuce," in ji ta, da muryar da ke nuna bai wuce ba. Ta sake laluba jaka ta ciro ƙullin leda, ƙamshin ya riga shi fitowa. "In kin ji mai komawa can, ki aika mata. An ce tana so."

Na karɓa da hannu biyu. Ban gaya mata a gwaba take zubawa ba.